Cikon Arba'in

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba makarantu, kuma cikin duk malaman da ya duba babu wanda ya damu ya riƙe sunansa na yanka. Jan Biro suke ce masa. Ya san da sunan, kuma a gaskiya daɗinsa yake ji. Da zarar babur ɗinsa ya tsaya a bakin makaranta, sai ka ga hedimasta yana gyara wuyan riga da sauri, malamin da ke gyangyaɗi a gindin bishiya ya zabura yana neman alli. Shi kuwa sai ya wuce kujerar baya ta aji ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya zare murfin biro a hankali yadda kowa zai ji.

Da ya yi ritaya, mako guda ya yi yana barci. A mako na biyu ya fara duba gidansa.

Da kicin ya fara. Ya manna wa kowace roba takarda mai ɗauke da sunan abin da ke ciki, ya kafa jadawalin shara a bayan ƙofa. Matarsa, wadda ta yi shekara talatin da biyar tana girki ba ta taɓa zuba sukari a madadin gishiri ba, ta ƙyale shi. Ya tsinci takardar cefanenta ya gyara mata kuskuren rubutu uku da ja, nan ma ta haɗiye. Ranar da ta tarar da takarda a jikin firji an rubuta “Akwai alamun ƙoƙari, amma da sauran gyara”, ta ɗauki waya ta kira autarsu.

“Ki zo ki ɗauke ubanki,” ta ce, “ko kuma ki zo ki ɗauke ni.”

Autar ce ta samo wata ƙungiya da ke tura tsofaffin malamai aikin sa kai a makarantun ƙauye na wasu ƙasashe. Ta zo da fom ɗin ta cike rabi.

“Baba, mutanen nan suna matuƙar buƙatar gogaggen mutum irinka.”

“Ai dole,” ya ce, yana gyara tabarau. “Wata nawa ne?”

“Shida.”

Daga kicin uwar ta ɗaga murya. “Babu na shekara?”

Jirgi biyu ya hau, sannan bas ta yini guda, sannan wata tsohuwar a-kori-kura da ta riƙa hawan dutse tana tari har inda hanya ta ƙare. A nan ya tarar da wata gajeriyar mace mai kimanin shekara hamsin, sanye da takalmin roba da rigar sanyi irin ta maza, riƙe da igiyar alfadari.

“Shugaban makaranta nake nema,” ya ce da Turanci.

“Ni ce.”

“To madalla. Ina makarantar?”

Ta ɗaga hannu ta nuna sama. Ya bi hannun da ido, bai ga komai ba sai gajimare.

Ta ce ya hau alfadarin. Ya ce a'a, shi bai taɓa isa makaranta a bayan dabba ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ta ce to, ta ɗaure akwatinsa a kan dabbar ta yi gaba. Bayan rabin awa ƙirjinsa ya fara huci kamar zugazugin maƙeri. Ya zauna kan dutse ya ce yana kallon kyawun ƙasa. Ta jira. Ya sake kallon kyawun ƙasa sau biyu. A karo na huɗu sai kawai ta riƙe masa igiya ya hau. Inda hanya ta tsuke, rami na hagu ba a ganin ƙarshensa, ya runtse ido ya rungume wuyan alfadarin yana karanto duk addu'ar da ya haddace, har da ta shiga kasuwa.

Makarantar ɗaki biyu ce da ɗan ofis, ginin dutse, rufin kwano da aka danne da duwatsu don kada iska ta ɗauke. A tsakiyar kowane aji akwai murhun ƙarfe mai dogon bututu. Yara talatin da bakwai ne, malami kuma ɗaya: Shugaba. Na biyun ya sauka gari hutu bara, har yau yana hutun. Shi ya sa take koyar da manya a ɗaki guda, ta leƙa ƙanana a ɗayan, tana kaiwa da komowa. Yanzu da Allah ya kawo shi, ta ce, ga ƙananan nan goma sha huɗu, lissafi da Turanci.

“Ni da na ɗauka shawara zan riƙa bayarwa,” ya ce.

“Ka ba su,” ta ce, ta miƙa masa alli.

Sai da ya tsaya a gaban allo ya tuna rabonsa da koyarwa shekara talatin da ɗaya ke nan. Ya dai ga ana yi, ya kuma faɗi yadda ya kamata a yi. Ya shirya darasin minti arba'in, ya gabatar da shi tsaf, ya kai ƙarshe, ya dubi agogo: minti goma sha ɗaya. Wata yarinya na kuka fensirinta ya faɗa ramin daɓe, biyu na kokawa a ƙarƙashin benci, wani ya cire takalmi ya ɗora kan murhu yana jiran ya ga abin da zai faru. Jan Biro ya cika ƙirji, ya saki muryar nan da ta sha sa hedimastoci in'ina, da harshensa na gida.

“Shiru!”

Yaran suka tsaya cak. Suka dubi juna. Sai suka ɗauka sabuwar kalma ce ta darasi, suka haɗa baki gaba ɗaya, “Shiru!” Suka yi ta maimaitawa suna tafi. Daga ranar, duk inda suka hango shi a ƙauyen da ita suke gaishe shi, har iyayensu suka ɗauka.

Tunda koyarwa ta ƙi, sai ya koma abin da ya iya. A ƙarshen mako ya miƙa wa Shugaba takarda mai ɗauke da kurakurai ashirin da uku. Ta karanta a tsaye har zuwa na tara, inda ya rubuta cewa iska na shigowa ta tagar ajin ƙanana. Ta ninke takardar gida huɗu, ta je ta cusa ta a tsagar tagar, ta sa tafin hannu ta ji.

“An gyara na tara,” ta ce. “Na gode.”

Abin da ya fi ci masa rai shi ne lokaci. Ba a fara karatu sai rana ta leƙo ta bayan dutse ta sauka a filin makaranta, wajen tara da wani abu. Shugaba ta ce kafin nan yatsun yara ba sa iya riƙe fensir. Shi kuma ya ce makaranta ƙarfe takwas ce a duk duniya. A akwatinsa akwai ƙararrawar tagulla da abokan aiki suka ba shi ranar ban kwana. Ranar Litinin ya fito da ita, ya tsaya a tsakiyar fili cikin riguna uku da hular sanyi, takwas daidai ya kaɗa iya ƙarfinsa.

Ko yaro ɗaya bai fito ba. Sai ya ji kamar ana gangaro da tsakuwa daga sama. Awaki ne, sun fi ashirin, suna dirowa daga dutse zuwa dutse, suka kewaye shi suna cusa baki a aljihunsa. Ɗaya ta fizge jadawalin darussa daga hammatarsa ta fara tauna. Wani bunsuru mai gemu ya tsaya ya ƙare masa kallo, sannan ya ja da baya taku uku. Jan Biro ya san ma'anar wannan a kowane harshe. Ya haye kan tulin itacen makaranta, ƙararrawa na ta ƙara a hannunsa, awakin na ƙara matsowa.

A bayansu wata tsohuwa ta ɓullo, siririya kamar sanda, ta kuma riƙe sanda. Ta tsaya a gindin itacen ta ɗaga kai ta fara magana. Ta yi minti goma ba ta tsaya shan iska ba. Shugaba ta iso tana ɗaura ɗankwali.

“Me take cewa?” ya tambaya daga sama.

“Ta ce barka da zuwa.”

“Duk wannan?”

“Sauran bayani ne.”

Da ya matsa, ta fassara masa abin da zai fassaru. Tsohuwar da ƙararrawa take kiran awakinta idan za ta ba su gishiri. Yanzu ya kira su, sun zo, sai ya ba su. Haka Jan Biro ya sauko ya ɗauko gishirinsa na girki, ya durƙusa awaki na lasar tafin hannunsa, yaran da suka fito kallo na daga gefe suna ce masa shiru. Washegari aka fara karatu lokacin da rana ta sauka a fili.

A wata na biyu wasiƙa ta zo daga ma'aikatar ilimi ta ƙasar. Ya tarar da Shugaba a ofis ta zuba wa takardar ido, shayinta ya huce. Sufeto zai zo nan da mako biyar. Duk makarantar da ɗalibanta ba su kai arba'in ba za a rufe ta, a haɗe yaran da makarantar da ke kwari, tafiyar awa uku a ƙafa.

“Ƙananan ba za su iya ba,” ta ce. “Matan kuma ba za a bar su ba. Shi ke nan an gama.” Ta juya kofin a hannunta, ta rage murya. “Ƙanwata tana aure a ƙauyen da ke bayan dutsen can. Za ta iya ara mini yara uku na yini ɗaya.”

Jan Biro ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

“Malama! A gabana? Kin san sau nawa na kama wannan? Sau goma sha ɗaya! Yaron aro bai san inda banɗaki yake ba. Ka tambaye shi sunan na kusa da shi, sai ya hau kallon rufi. Ka kira rajista daga ƙasa zuwa sama, sai ya amsa sunan wani. Littafinsa sabo fil, shafi biyu kawai aka rubuta, da hannun malami!”

Ta saurare shi da kyau. “To zauna ka sake faɗa a hankali, in rubuta. Sai mu gyara duka.”

Ya ɗaga kujera ya zauna. Ta taga yana hango yarinyar nan mai yawan kuka tana jan ƙanenta a kan buhu. Ya tuna hanyar da ya hawo da ita a kan alfadari, ido rufe.

“Kina da littafin dokokin ma'aikata?” ya ce.

Ta zaro shi daga ƙarƙashin ƙafar tebur, inda yake aikin daidaita tebur ɗin. Ya sa ta fassara masa sashen kalma bayan kalma, ya sa ta maimaita sau uku. Ɗalibai arba'in masu rajista, waɗanda suka halarci darasi aƙalla mako huɗu kafin dubawa, kowanne ya cika shekara shida.

“Ya cika shida. Sai kuma me?”

“Shi ke nan.”

“Bai ce kada ya wuce kaza ba?”

Ta duba gaba, ta duba baya. “Bai ce ba.”

Jan Biro ya jingina da kujera, wani murmushi ya bazu a fuskarsa. “Wanda ya rubuta wannan, da a ƙarƙashina yake aiki da ya sha ja. A garin nan, manya nawa ne ba su taɓa shiga aji ba?”

Kwana biyu suka yi suna bin gida-gida. Maza suka yi ta dariya, mata suka ce wa zai yi musu aiki. Da ƙyar suka samu mai injin niƙa, tsoho mai nauyin kunne, wanda ya yarda da ya ji akwai murhu a ajin. Ta biyu surukar Shugaba ce, ita kuwa da kanta ta kawo kanta, ta ce shekara ashirin tana son ganin abin da matar ɗanta ke yi a can da ke hana ta girki da wuri. Shugaba ta rubuta sunan. Talatin da tara. Aka zagaye gari kaf, ba wanda ya rage sai tsohuwar nan mai sanda, Mai Awaki.

Suka same ta a bakin garke. Ta ji bayani, ta dubi Jan Biro sama da ƙasa, ta yi magana gajeriya.

“Ta ce wai kai ne malamin?”

“Ni ne.”

“Ta ce mutumin da bunsuru ya kora kan itace me zai koya mata?”

Ya haɗiye wannan. Ya ce a faɗa mata idan aka rufe makarantar, yaran garin za su riƙa gangara kwari kullum cikin sanyi. Ta ce ta sani, kunnenta ƙalau. Sannan ta gindaya sharuɗa biyu. Awakinta za su riƙa yini a filin makaranta inda za ta gan su ta taga. Ƙararrawar tagullar nan kuma tata ce daga yau, tunda ta fi tata amo, shi kuma bai san amfaninta ba.

“Kyautar ban kwana ce,” ya ce. “Da sunana a jiki.”

“Ta ce ai ba ta iya karatu ba, ba zai dame ta ba.”

Ya bayar. Amma shi ma ya kafa nasa sharaɗin a gaban Shugaba: ba zai yi ƙarya ba. Idan an rubuta su ɗalibai, to ɗalibai ne. Kullum za su zo, za su yi aiki, za a yi musu maki.

Haka ajinsa ya zama mutum goma sha bakwai. Tsofaffin uku suka zauna a benci na baya, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Mai injin niƙa na zama sai barci, ba ya farkawa sai an ƙara itace. Surukar Shugaba ta fi son kujerar bakin ƙofa, inda take jiyo ajin manya tana girgiza kai. Mai Awaki kuwa gardama ta zo yi. Ranar farko ya ce bari ya ba ta misali da abin da ta sani, ya kira Shugaba ta fassara.

“Kina da awaki biyar, biyu suka ɓata. Nawa suka rage?”

“Ta ce wa ya ɓatar da su?”

“Misali ne.”

“Ta ce a hannunta akuya ba ta ɓata. Sai dai in kai aka ba kiwo.”

“To ni aka ba. Nawa suka rage?”

“Ta ce biyar. Za ka je ka nemo su.”

Sai dai wani abu ya faru da bai zata ba. Tun ranar da tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya, ba a sake kokawa a ƙarƙashin benci ba. Kuma da yake tsofaffin ba sa jin Turancinsa, dole yaran suka riƙa juyawa suna yi musu bayani, kowa na rige-rigen kama hannun kaka ya nuna mata yadda ake zana harafi. Don su iya bayani, sai sun saurare shi. Wata rana ya dubi agogo ya ga minti hamsin sun wuce bai sani ba. Ya girgiza agogon ya kara a kunne.

Saura mako guda ya fara yi musu atisaye. Ya fita, ya shigo da tafiyarsa ta dā, hannu a baya, ya zauna a ƙarshen aji yana muzurai. Ya koya wa Shugaba sirrin sana'ar.

“Kada ki share fili fes, zai san don shi aka yi. Ki ba shi shayi kafin ya ga rajista, mai sanyi a jiki ba ya da tausayi. Sannan ki bar masa kuskure ɗaya ƙarami a inda zai gani. Sufeton da bai samu abin rubutawa ba tono yake yi.”

“Kai ma haka aka riƙa yi maka?”

Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya tuna taswirori nawa ya tarar a karkace cikin shekara talatin da ɗaya, da kofunan shayi nawa. Sannan ya je ya karkata taswirar ajin manya da hannunsa.

Ranar dubawa ya sa ran ganin dattijo mai tumbi yana haki a kan alfadari. Sai ga wata yarinya da ba ta wuce sa'ar autarsa ba, da takalmin gudu da 'yar jaka a baya, ta hawo da ƙafa ko numfashinta bai canja ba. Aka miƙa mata shayi ta ce sai an gama. Ta shiga ajin manya, ta miƙar da taswirar da yatsa ɗaya a wucewa, ba ta ko kalle ta ba. Ta tara kowa ta karɓi rajista, ta fara kira daga ƙasa zuwa sama. Jan Biro bai iya hana kansa gyaɗa kai ba. Yarinyar ta san aiki.

Suna na farko daga ƙasa na Mai Awaki ne. Tsohuwar ta amsa da ƙarfi. Sufeton ta ɗago ta dube ta, ta dubi mai injin niƙa da aka tashe shi da gwiwar hannu, ta dubi surukar. Shugaba ta miƙa littafin dokoki a buɗe. Ta karanta sashen, ta juya shafi, ta dawo.

“Dabarar wa ce?” ta tambaya da Turanci.

Idon Shugaba ya tafi inda Jan Biro ke tsaye. Yara talatin da bakwai suka bi idon nata.

Sufeton ta karɓi littattafan tsofaffin ta buɗe shafi-shafi. Mako huɗu cif na karkatattun haruffa, kowane shafi da jan maki. Ta kira su allo ɗaya bayan ɗaya. Mai injin niƙa ya rubuta sunansa, ya cinye rabin allon. Surukar ta rubuta nata, sannan ta riƙe hannun sufeton ta fara kai ƙarar matar ɗanta, sai da aka janye ta. Mai Awaki ta rubuta nata harafi ɗaya na kallon baya. Jan Biro na addu'a a zuci kada a kawo mata misali da dabba. Sufeton ta rubuta goma sha bakwai a tara da ashirin da shida. Kafin ta ajiye alli tsohuwar ta faɗi amsa, ta ƙara da wata magana da ta sa yara dariya. Daga baya ya ji ashe tambaya ta yi ko akwai mai wuya.

Ya ɗauka an gama. Sai sufeton ta ja kujera zuwa ƙarshen ajinsa ta zauna, ta ɗora ƙafa kan ƙafa.

“Bismillah, Malam. Ci gaba da darasinka.”

A cikin sanyin nan gumi ya karyo masa. Alli ya karye sau biyu. Ya rubuta kwanan wata na jiya. Duk sanda ya juya baya sai ya ji ƙarar bironta a kan takarda, ƙar, ƙar, kamar ɓera a cikin kwali, ya rasa me ya yi kuma. Ya tuna wani malami da ya taɓa duba, wanda ya manta sunan babban birnin ƙasarsa, da abin da ya rubuta a kansa. Ya so a ce ya san inda mutumin yake yanzu.

Bayan an tashi ta kira shi ofis, yanzu kam da shayi a hannunta.

“Malam, kana yawan magana. Kana ba aji baya. Tambayoyinka duk a layin gaba suke ƙarewa. Ban kuma ga takardar shirin darasi ba.”

“Akuya ce ta...” ya fara, sai ya ji yadda maganar za ta fito, ya fasa. Sau nawa aka kawo masa irin wannan uzurin? “Sai me kuma?”

Ta duba takardarta. “Yaran suna son ka. Ban gano dalili ba, amma na rubuta.”

Mako uku bayan nan amsa ta zo. An bar makarantar. A ƙasan wasiƙar an ƙara cewa daga baɗi an gyara dokar, an sa iyakar shekaru. Shugaba ta ƙirga a yatsu yaran garin da za su cika shida kafin nan, ta samu biyar, ta ce sauran shekarun sai a bar wa Allah da matan gari. Mai injin niƙa bai sake zuwa ba tun washegarin dubawa, ya ce ya gama ilimi. Surukar ta ci gaba da zuwa saboda dalilanta. Mai Awaki kuma ta ce ba inda za ta sai ta yi jarrabawa kamar kowa.

Aka yi jarrabawar ƙarshen zango. Da la'asar Jan Biro na maki a ofis sai ya ci karo da takardun lissafi biyu iri ɗaya sak: amsa ɗaya, kuskure ɗaya, har inda aka goge. Ɗaya ta Mai Awaki ce, ɗaya ta jikarta 'yar shekara bakwai da ke zama kusa da ita. Abin da ya fi ba shi mamaki, har sunan da ke saman takardun ɗaya ne. Ya aika aka kira su, Shugaba ta tsaya tsakani.

“Ki ce mata na ga satar amsa iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya kwafe har sunan maƙwabcinsa ba.”

Shugaba ta fassara. Tsohuwar ta buga sanda.

“Ta ce sunanta ne. Yarinyar takwararta ce, ita aka yi wa.”

“To amsoshin fa?”

“Ta ce duk abin da yarinyar nan take da shi a wurinta ta samo, har hanci.”

Ya ce ba a yi masa wannan. Ya zaunar da tsohuwar a ofis, ya kai yarinyar aji, ya ba kowacce sababbin tambayoyi goma, ya tsaya a tsakanin ƙofofin biyu hannu a baya. Da suka gama ya yi maki a gabansu. Tsohuwar ta ci takwas. Yarinyar ta ci huɗu.

Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin riga. Mai Awaki ta miƙe, ta karɓi takardarta ta ninke ta cusa a ɗamara, ta kama jikar a wuyan hannu. A bakin ƙofa ta juyo ta yi magana mai ɗan tsawo.

“Ta ce kana da bakin ba da haƙuri, ko sai gobe?”

“Ki ce mata ta yi haƙuri.”

“Ta ce ta ji. Ta ce kuma daga gobe ka raba musu benci, yarinyar nan tana hana ta karatu.”